Busa Wa Ƙananan Yara Wasa: Usur Kaɗai Ba Ya Isa

Da yawanmu in mun koma gida hutu, yaran unguwa kan miƙo mana usur su ce, "Yaya, zo ka busa mana." To, ka sani alƙalancin wasan ɗan shekara 8 daban yake da na Firimiya.

A Ingila, ƙananan yara kan buga biyar-biyar ko bakwai-bakwai a ƙaramin fili, kuma babu satar gida. A Amurka, tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, saboda gudun bugun ƙwaƙwalwa.

Wato lafiyar yaro ita ce gaba da komai. Kafin a take leda, zagaya filin ka tsince kwalabe da duwatsu. Yaro ya faɗi yana kuka, tsayar da wasa nan take. In kai ya bugu, ya gama wasan ranar, ko da ya rantse ya warke. In rana ta take, ba su hutun shan ruwa.

Wanda ya yi jifa ba daidai ba, nuna masa, ya sake. Manyan da ke ihu a bakin layi kuwa, ja musu kunne tun kafin ka busa. Yaron da aka kunyata yau, da wuya ya dawo fili gobe.