Haƙƙin Ma'aikaci a Kan Hutun da Bai Ci Ba

A shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da waɗansu maƙwabtansu, saboda fitinar 'yan bindiga na Dajin Rugu. Idan ciniki ya tsaya haka, attajiri ya kan sallami yaran aikinsa. To, a nan ne wata mas'ala ta kan taso wadda ba kowa ya san hukuncinta ba, watau ma'aikacin da aka sallama bai ci hutunsa na shekara ba, me ya ke bin maigida?

Malamai sun sani a babin ijara cewa lalle lada ya zama sananne tun farkon ƙulla aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 kuwa ta sa hutu cikin haƙƙin ma'aikaci. Sashe na 18 ya ajiye cewa wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun kwana 6 na aiki, da cikakken albashi. Idan bai kai shekara 16 ba, ko da ɗan koyon sana'a ne, hutunsa kwana 12 ne. Wannan shi ne mafi ƙaranci, wanda ya ƙara ya kyauta. Dokar ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna, amma ba ta hau kan iyalin maigida ba.

Maigida da ma'aikaci suna iya shiryawa su jinkirta hutu, amma kada jinkirin ya sa a wuce wata 24. Muddin kuwa yaro yana bakin aikinsa, doka ta hana a ba shi kuɗi a madadin hutu, ko da shi ya roƙa, domin jiki ba ya hutawa da kuɗi. Sai ranar rabuwa hutu ya ke komawa kuɗi.

Ga yadda a ke lissafin. Wanda ya bar aiki bayan ya yi wata 6 ko fiye, amma bai cika 12 ba, sai a ɗauki ladansa na mako guda a raba 12, sa'an nan a ba shi kashi ɗaya a kan kowane wata. Misali, ɗan tsaron shago mai naira 12,000 a mako, kowane wata ya tashi naira 1,000. In ya yi wata 9, yana bin naira 9,000. In wata 5 ya yi, doka ba ta ɗora wa maigida kome ba, sai abin da ya ga dama. Haka kuma a ke ƙidaya watannin da suka biyo bayan cikar shekara. Sashe na 19 ya ce ainihin albashin kuɗi kaɗai a ke dubawa, ban da ladan ƙarin lokaci da sauran alawus.

Galibin rigima daga mantuwa ta ke tashi. Saboda haka ya kamata attajiri ya rubuta ranar da yaro ya kama aiki da ranakun da ya huta, a cikin littafin da ya ke rubuta bashi, ko da ajami ne, a gaban shaidu. In an rabu ba a daidaita ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ke da ikon sauraron ƙarar. Allah ya sa a rabu lafiya ba da haƙƙin wani a wuya ba, amin.