DACA da Makomar Yaran da Suka Girma a Amurka Ba Takarda

DACA shiri ne da gwamnatin Barack Obama ta sanar a ranar 15 ga Yunin 2012 domin mutanen da aka shiga da su Amurka suna yara, suka girma a can ba su da izinin zama. Tun a 2001 Sanata Dick Durbin da Sanata Orrin Hatch suka gabatar da ƙudurin dokar DREAM don a ba irin waɗannan matasa takardar zama ta dindindin, amma har yau bai zama doka ba. A Disambar 2010 Majalisar Wakilai ta amince da shi, sai ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 55, alhali 60 ake buƙata. Da majalisa ta gaza ne Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fitar da takardar umarni, wadda ita ce DACA.

Sharuɗɗan a ƙayyade suke. Dole mutum ya shiga ƙasar kafin ya cika shekara 16, ya zauna a cikinta babu yankewa tun 15 ga Yunin 2007, kuma bai kai shekara 31 ba ranar da aka sanar da shirin. Sai ya kasance yana makaranta, ko ya gama sakandare, ko ya yi aikin soja, sannan kotu ba ta taɓa samunsa da babban laifi ba. Wannan kwanan wata na 2007 ba a taɓa matsar da shi ba. Saboda haka maganar da ake yaɗawa cewa in aka kai yaro Amurka aka bar shi zai samu takarda idan ya girma, ba ta da tushe. Yaron da aka kai a 2008 ma ba ya ciki, balle na bana.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar DACA a matsayin girin kad, wato takardar zama ta dindindin, ko matakin zama ɗan ƙasa. Abin da take bayarwa shi ne jinkirta kora na shekara 2, da izinin aiki, da lambar biyan haraji da fansho, wadda ke buɗe ƙofar lasisin tuƙi da asusun banki. Idan wa'adin ya cika sai a sake cika takardu, a sake biyan kuɗi. Tamkar gidan da hukuma ta shafa wa jan fenti ne, sannan ta ce ba za a rushe shi bana ba: mai gida zai ja wuta, ya sa haya a shagon ƙofar gida, amma shaidar mallakar fili ba ta hannunsa, kuma sabon gwamna na iya aiko da katafila. Wanda ya sabunta DACA sau shida da wanda ya karɓa sau ɗaya kawai matsayinsu ɗaya a gaban doka. Sama da mutum 800,000 sun taɓa cin gajiyar shirin, akasarinsu haifaffun Meziko, kuma da yawansu yanzu magidanta ne masu 'ya'yan da aka haifa a Amurka.

Raunin shirin ya fito fili a Satumbar 2017, lokacin da gwamnatin Donald Trump ta ce ta soke shi. A Yunin 2020 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ba a bi ƙa'ida wajen sokewar ba, amma ba ta ce shirin halal ne ba. A Yulin 2021 Alƙali Andrew Hanen na Texas ya yanke cewa DACA ta saɓa doka, ya hana amincewa da sababbin masu nema, ya bar tsofaffi su ci gaba da sabuntawa.

Hanyoyin samun takardar dindindin suna nan, sai dai ƙunci gare su, kuma yadda aka shiga ƙasar shi ke raba gardama. Wanda ya shiga da biza ta ƙare masa, idan ya auri ɗan ƙasa, yana iya neman girin kad ba tare da ya fita ba. Wanda aka tsallaka da shi iyaka a ɓoye kuwa yawanci sai ya koma ofishin jakadanci a ƙasarsa, kuma dokar 1996 ta hana wanda ya yi zaman haure fiye da kwana 180 dawowa na shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuma na shekara 10, sai in ya samu afuwa. Ba a ƙirga kwanakin da ya yi kafin ya cika 18. Akwai tanadi na musamman ga wanda bai kai 21 ba, bai yi aure ba, idan kotun jiha ta tabbatar cewa uwa ko uba sun zalunce shi ko sun yasar da shi. Akwai kuma bizar U ga waɗanda aka yi wa babban laifi suka taimaka wa 'yan sanda, amma 10,000 kacal ake bayarwa a shekara, layin kuwa na shekaru ne.

Majalisa ce kaɗai ke da ikon ba waɗannan mutane zama na dindindin, kuma manyan jam'iyyun Amurka biyu sun fi son ajiye maganar don kamfe. Rabon da ta halatta zaman baƙin haure masu yawa tun 1986, zamanin Ronald Reagan, lokacin da kusan mutum miliyan 2.7 suka samu takarda.