Yadda Sinadaran Homon Ke Kare Tumbi Daga Asid

Tumbin ɗan Adam yana fitar da kusan lita 2 na ruwan narkar da abinci a kowace rana, kuma a cikin ruwan akwai asid mai kaifin da ke taimakawa wajen narkar da tsokar nama, amma duk da haka bangon tumbin, wanda shi ma nama ne, ba ya narkewa. Garkuwarsa ta farko ita ce wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe shi, wanda ke riƙe da sinadarin bakabonet mai kashe kaifin asid, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Sai dai wannan garkuwa ba za ta jure ba idan asid ya wuce kima, don haka jiki ke daidaita yawansa ta hanyar homon, wato sinadaran da wani sashe na jiki ke sakewa cikin jini domin su kai umarni ga wani sashen.

Homon na farko da aka gano shi ne sikiritin, wanda William Bayliss da Ernest Starling suka bayyana a Landan a shekarar 1902. Da zarar abinci mai asid ya gangara daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki sikiritin, shi kuma ya umarci fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta kwararo bakabonet, sannan ya sa tumbi ya sassauta fitar da asid. A shekarar 1905 John Edkins ya bayyana gastirin, wanda ƙasan tumbi ke sakewa idan abinci ya shigo. Shi ne ke ƙara yawan asid, kuma shi ne ke ƙarfafa tsirowar sababbin ƙwayoyin halitta a bangon. Mai taka masa birki shi ne somatostatin, wanda ke fitowa idan tsamin tumbi ya tsananta, ya hana sakin gastirin har sai abubuwa sun daidaita. Amfanin wannan tsari yana bayyana a cutar da Robert Zollinger da Edwin Ellison suka siffanta a 1955, inda wani ƙari ke fitar da gastirin ba ƙaƙƙautawa, gyambo ya yi ta ɓulla a tumbi da hanji.

Akwai kuma furostagilandin, sinadaran da ba sa tafiya nesa cikin jini, suna aikinsu ne a inda aka samar da su. Su ke ƙara yauƙi da bakabonet, su buɗe ƙananan hanyoyin jini domin bangon ya samu abin gyara kansa. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin yana rage zafin ciwo ne ta hanyar hana jiki samar da su, kuma haka ibuprofen da diclofenac da piroxicam suke aiki. Ke nan manomi ko lebura da ya mayar da shan waɗannan magunguna daga kemis al'adar kowane dare, yana kwance wa tumbinsa garkuwa ne ba tare da ya sani ba.

Ɗaya babbar hanyar rushewar tsarin ita ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka danganta da gyambon ciki, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Idan ta zauna a ƙasan tumbi takan rage somatostatin, sai gastirin ya yi yawa, asid ya malala zuwa hanji fiye da yadda sikiritin zai iya shawo kansa.

Wannan ilimi ya kamata ya gyara fahimtar da ta yaɗu cewa yunwa ko barkono ne ke haddasa olsa, wato gyambon ciki, domin waɗannan suna iya tayar da zafin gyambon da ya riga ya samu ne, alhali manyan musabbabansa su ne ƙwayar cutar da magungunan kashe zafi. Wanda ciwon ya addaba ya fi dacewa ya nemi gwajin ƙwayar a asibiti, domin tana mutuwa da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, kuma ya sanar da likita duk maganin ciwon jiki da yake sha.