Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Halin Da Ma'aikatan Mulmula Ƙarafa Ke Ciki

Duk wanda ya taɓa gina gida ya san rodi, ya kuma san tsadarsa. Amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu, shin wane ne ya tsaya gaban wuta har wannan rodi ya fito, kuma nawa aka biya shi, kuma wa zai kula da iyalinsa in ya rasa hannu a bakin aiki? Waɗannan su ne tambayoyin da ƙungiyoyin ma'aikatan ƙarafa na ƙasar nan suka yi shekara da shekaru suna neman amsarsu.

Asalin maganar ya faro ne a 1971, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar raya sana'ar ƙarafa. A 1979 aka ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet domin gina babbar ma'aikatar Ajaokuta, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya buɗe ma'aikatar Aladja da ke kusa da Warri. Aka kuma gina ƙananan ma'aikatu uku na mulmula ƙarafa a Katsina da Jos da Oshogbo, kowacce da ƙarfin fitar da tan 210,000 a shekara. Tsarin shi ne Aladja ta narka ƙarfe ta zuba shi sanduna, sa'an nan a kai wa ukun nan su mayar da shi rodi da waya. Samari da yawa suka bar garuruwansu, wasu aka tura su ƙasashen waje koyon aiki, suka dawo cike da murna, a kan cewa sun sami sana'ar da za su tsufa a cikinta.

Ya kamata mai karatu ya san irin aikin da ake magana a kai. Kafin sandar ƙarfe ta yi laushin da injin zai murza ta, sai an gasa ta a tanderu har zafinta ya haura digiri 1,000. Daga nan ta fito jawur, tana gudu tsakanin injuna kamar maciji. In ta kauce wa hanya, to, wanda ke kusa sai abin da Allah Ya yi. Ga ƙarar da ke cin kunne sannu a hankali, ga ƙurar da ke taruwa a ƙirji, ga aikin dare, domin tanderu ba a kashe shi don magariba ta yi. Saboda haka ne koke-koken ma'aikatan nan ba su tsaya ga albashi kaɗai ba. Suna neman takalma da safar hannu da hular kwano, da asibiti a harabar ma'aikata, da kuɗin aikin dare, da diyya ga wanda ya ji rauni.

Ƙarfe ɗaya, in ji Hausawa, ba ya amo. A 1978 gwamnatin soja ta harhaɗa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata ta mayar da su 42, a ƙarƙashin uwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda Alhaji Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Yajin aikin gama-gari na watan Mayu na 1981 shi ya haifar da mafi ƙarancin albashi na Naira 125. A 1996 aka sāke rage ƙungiyoyin zuwa 29, inda ta ma'aikatan ƙarafa ta haɗe da wasu ƙungiyoyi na masu aikin injuna, manyan ma'aikata kuwa suna da tasu daban.

Sai dai kash! Tun ba a je ko'ina ba tsarin ya soma tangaɗi. Aladja ba ta taɓa fitar da abin da aka gina ta dominsa ba, ga ƙarancin wutar lantarki, ga kuma ɗauko sanduna a manyan motoci tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Katsina. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, kayan gyaran injuna suka gagara saye. Ma'aikaci ya je aiki da safe, ya zauna gindin bishiya har a tashi, ba don lalaci ba, sai don babu abin mulmulawa. Albashi ya riƙa makara, bashin masu kanti ya taru. Ita kuwa Ajaokuta, ko da yake an ce aikinta ya kai kashi 98 cikin 100 tun 1994, ba a taɓa hura babban tanderunta ba.

Daga nan sai aka shiga sayar da ma'aikatun. A 2004 aka ba wani kamfani mai asali daga Indiya riƙon Ajaokuta, a 2005 ya sayi Aladja, a 2008 gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar Ajaokuta. Shari'ar da ta biyo baya ba ta ƙare ba sai a 2022, da gwamnati ta yarda ta biya Dala miliyan 496. Ma'aikatun Katsina da Jos da Oshogbo kuma suka koma hannun 'yan kasuwa tsakanin 2005 da 2006. A nan ne abin baƙin cikin yake. Kamfani yana da lauyoyi, yana iya jiran shekara 14. Tsohon ma'aikaci kuwa ba ya da wannan halin. Tsofaffin ma'aikatan Aladja sun shafe fiye da shekara 10 suna bin fanshonsu, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.

A yau yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan yana fitowa ne daga ma'aikatun 'yan kasuwa masu narka tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tarawa. Babban kukan ƙungiyoyi yanzu shi ne ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila. Wanda aka ɗauka ta wannan hanya ba shi da takarda, yana tsoron shiga ƙungiya, in kuma tsautsayi ya faɗa masa, sai mai ma'aikata ya ce ai ba yaronsa ba ne.

Alhali kuwa doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tilasta killace injuna masu haɗari da samar da kayan kariya. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da za a biya waɗanda suka ji rauni. A 2024 kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Abin da ya rage shi ne mai tsaya wa doka.

To, a nan ƙungiya take da aiki. Wajibi ne shugabanninta su fito daga ofis su je bakin ƙofar ma'aikatu, su rubuta sunan ɗan wucin gadi kamar yadda suke rubuta na mai takarda, su kuma riƙa adana bayanin kowane haɗari da ranarsa, domin kuka ba tare da shaida ba ba ya cin shari'a. Gwamnati kuwa, da ta kafa ma'aikata ta musamman domin ƙarafa a 2023, in har za ta ba wani riƙon Ajaokuta, ya kamata a rubuta haƙƙin ma'aikata cikin yarjejeniyar tun kafin a sa hannu. An riga an ga abin da ya sami waɗanda aka ce su yi haƙuri sai an gama ciniki. Allah Ya sa kada na baya su sha irin wannan wahala.