Wayar Da Ta Ɓace Ta Jawo Kisan Kai: Sharhi A Kan Fim Ɗin "Confusion Na Wa"

Mutanen Rano da Kibiya sun san Ali Nuhu sarai, gama da wuya a sami saurayi mai waya a ƙasar nan wanda bai taɓa biyan mai tura fim a kasuwa ya zuba masa wasansa ba. Amma kaɗan ne suka gan shi cikin "Confusion Na Wa", fim ɗin da Kenneth Gyang, mutumin Jihar Filato, ya shirya, ya fito a shekarar 2013. A shekarar nan kuwa ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar finafinan Afirka da aka yi a Yenagoa. An samo sunansa daga wata waƙar Fela Kuti, ma'anarsa rikici ya kai intaha.

Irin wannan wasa Faransawa suka laƙaba wa suna "noir", watau baƙi, tun finafinan Amurka na wajen 1940, inda laifi da kwaɗayi ke jan mutum zuwa halaka. Na baya suka ƙara masa barkwanci, kamar "Fargo" na 1996. Mai kallo ya yi dariya, sa'an nan ya ji kunyar dariyar da ya yi.

Ga yadda labarin yake. Wani mai hali, Emeka, wanda Ramsey Nouah ya fito a madadinsa, ya yar da wayarsa cikin cunkoson hanya. Ta faɗa hannun waɗansu zauna-gari-banza biyu, Charles da Chichi. Da suka bincika, sai suka tarar ashe yana neman matar aure, suka ce sai ya fanshi asirinsa da kuɗi. Matar nan kuwa ta Bello ce, watau Ali Nuhu, ma'aikacin ofis mai gaskiya da haƙuri, wanda abokan aiki ke jibga wa aikinsu, matarsa kuma ta raina shi. Ga kuma wani mai jarida, kullum yana wa'azin tarbiyya a takarda, amma shi da kansa ya kai ɗansa gidan karuwai wai don ya mai da shi namiji. Mutanen nan ba su san juna ba, waya guda ta ɗaure su kamar goro a huhu.

Mu Hausawa mukan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, finafinan Kano kuma galibi bisa wannan ake gina su: azzalumi ya tozarta, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romo. To, nan fa Gyang ya saɓa. Charles ne ya keta mutuncin wata yarinya, amma da uban yarinyar ya zo da bindiga, Chichi ya harbe. Wani ya yi laifi, wani ya biya da ransa. Haƙurin Bello kuwa bai ƙare shi da kome ba sai wulakanci.

Wani zai ce wannan ɓata tarbiyya ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Alhaki yana nan, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba kullum ake biyansa a gaban idonmu ba, kuma wanda ya zauna da ɓarawo ba shi da tabbacin wanda sanda za ta sauka a kansa. Samarinmu da ke tafiya ci-rani Kano da Kaduna da Legas bayan an kau da amfanin gona sun fi kowa bukatar wannan darasi. Haka kuma duk wanda ya mai da wayarsa rumbun asiri ya tuna rumbun nan ba shi da ƙofa.

Wajen wasa, OC Ukeje ya cancanci yabo, don ya sa Charles ya zama abin dariya da abin tsoro gaba ɗaya, musamman inda yake gardama da abokinsa a kan fassarar "The Lion King". Ali Nuhu ya ajiye rawa da waƙa, ya nuna ƙuncin zuciya da ido kawai. Aibin fim ɗin shi ne haɗuwar mutanen ta kan yi kama da shiri, matan ciki kuma ba a ba su bakin magana sosai ba.

Da Turanci da buroka aka yi shi, akwai kuma batsa a ciki, saboda haka ba na yara ba ne. Amma magidanci mai hankali ya gani, zai daɗe yana tunani. Allah Ya raba mu da mugun aboki, amin.