Sayen Injin Goge Mota Da Sosonsa: Abin Da Na Koya Bayan Na Ƙona Fentin Motata

Jama'a, tun ranar da wasu 'yan uwa suka same ni ina goge motata da inji a garejin wani aminina a Yonkers, tambaya ba ta ƙare ba. Wannan ya ce wane iri ne, wancan ya ce nawa na saya, wani kuma so yake ya san ko zai iya sayen irinsa ya aika wa ƙanensa gida ya kafa sana'a. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a nan sau ɗaya, kowa ya karanta. Ni dai ba fenta ba ne, direba ne. Haya nake yi da baƙar Camry a birnin New York, ina zaune da iyalina a Bronx, kuma abin da zan faɗa na koye shi ne da aljihuna.

Baƙar mota ba ta rufa wa mai ita asiri. Bayan sanyi biyu na gishirin da ake watsawa a titi saboda dusar ƙanƙara, da kuma burushin wuraren wankin mota na inji, sai jikin motar ya cika da ƙananan zane kamar saƙar gizo-gizo. A inuwa ba ka ganin komai, amma da rana ta haska, ko ka tsaya ƙarƙashin fitilar gidan mai, sai ka ji kunya. Na aro inji wurin wani, irin mai juyawa kai tsaye, da soson ulu a bakinsa, na murɗa shi har ƙarshe na ɗora a murfin but. Tsakiyar murfin ya yi kyau ƙwarai. Da na zo gefe, inda ƙarfen ya lanƙwasa, ban fi ƙiftawar ido biyu ba sai ga wani dogon tabo ya fito toka-toka. Na ƙara mai na sake gogewa, tabon ya ƙara faɗi. Ƙarshenta sai da aka sake wa murfin fenti gaba ɗaya, mota ta kwana uku a wurin masu gyara, ga kuɗin aiki ga rashin fita haya. Maiɗakina har yau takan tuna mini idan ta ga na ɗauko injin.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, gogewa da inji ba ƙara wa mota sheƙi take yi ba, kankare ta take yi. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai shafen farko a kan ƙarfe, sai launi, sai wata riga ta sama marar launi mai kama da gilashi, wadda masu aikin ke kira kiliya. Duk zanen da kake gani a cikin wannan rigar ta sama yake. Man gogewa yana ɗauke da wani gari mai laushi, aikinsa kamar na samfefar kafinta, yana cin rigar kaɗan-kaɗan har ta daidaita da gindin zanen, sai haske ya daina wargajewa. To, kaurin rigar nan a yawancin motoci kamar maikiron 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin takardar da muke rubutu a kai ba, kuma a gefuna da kusurwoyi ya fi haka siranta. Abin da ka kankare ya tafi ke nan. Don haka kafin ka sayi komai, ka ja farcenka a kan zanen. In farce ya maƙale, zanen ya yi zurfi, babu injin da zai fitar da shi ba tare da ɓarna ba. Wannan aikin fenta ne.

Injinan iri biyu ne manya. Na farko shi ne rotari, wanda na yi ɓarna da shi, kamar Makita 9237C ko DeWalt DWP849X. Faifansa yana juyawa a wuri ɗaya, har ya haura juyi 3,000 a minti, kuma duk ƙarfin da ka danna ba ya tsayawa. Yana da sauri, shi ya sa masu gyaran jikin mota ke son sa, amma yana tara zafi a wuri guda, kuma a hannun ɗan koyo yana barin wasu layuka masu walƙiya a baƙin fenti ko da bai ƙona ba. Na biyu shi ne wanda za ka ga an rubuta DA a kwalinsa. Shi wannan yana juyawa yana kuma karkarwa a ƙaramin da'ira lokaci guda, kamar yadda mace ke juya faifai wajen tankaɗe. Saboda haka soson ba ya daɗewa yana cin wuri ɗaya, kuma idan ka danna da yawa ko ka karkata shi, juyin sai ya tsaya da kansa. Wannan tsayawar da wasu ke ɗauka rauni ne, ita ce ke ceton fenti. Shawarata ga duk wanda bai taɓa riƙe injin ba, ya sayi DA, ya manta da rotari tukuna.

A cikin DA ɗin ma akwai bambanci, wato faɗin karkarwar, ana auna shi da milimita. Porter-Cable 7424XP, wanda mutane da yawa a Amurka suka fara koyo da shi, milimita 8 ne. Griot's Garage G9 milimita 9 ne. 'Yan uwanmu na Ingila za su fi cin karo da DAS-6 Pro. Sai na Rupes, kamfanin Italiya, masu milimita 15 da 21, waɗanda ke gama faffaɗan wuri da wuri amma kuɗinsu ya ninka na waɗancan sau biyu ko fiye, kuma mai milimita 21 yana wahalar sarrafawa a lunguna kamar bamba da sandunan gefen gilashi. Mai mota ɗaya ko biyu a gida, ƙaramin ya ishe shi. Ni G9 na saya. Da zan buɗe wurin gogewa in riƙa yin mota uku a yini, sannan zan yi maganar mai milimita 15.

Sai faifan da soso ke mannewa a kai, mai ƙananan ƙayoyi kamar ƙarangiya. Yawancin injinan suna zuwa da faifai mai inci 6. Ka sayi mai inci 5 ka musanya, ka riƙa sa masa soso mai inci 5 da rabi. Ƙaramin inji ya fi iya juya ƙaramin soso, kuma soson ya fi arha. Ka lura kada soson ya gaza faifan faɗi, domin bakin faifai in ya taɓa fenti sai ya yanke shi. Ka kuma tabbata zaren kusar faifan ya dace da injinka. Alal misali rotarin Amurka da na Turai zarensu ba ɗaya ba ne, na Turai M14 ake kiransa.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure. Mutum zai zuba duk kuɗinsa a inji, sannan ya sayi soso ɗaya tak. Alhali soson ne ke taɓa motar, ba injin ba. Akwai na ulu, mai ci sosai, akwai na zaren maikirofaiba, shi ma mai ci ne, sai na katifa, wanda ya kasu daga mai tauri zuwa mai laushi kamar auduga. Ɗan koyo ya tsaya a na katifa. Kada kuma launi ya ruɗe ka, domin kowane kamfani da nasa tsarin. A wurin Lake Country, ruwan ɗorawa shi ne mai ci da yawa, ruwan lemo matsakaici, fari na gyara sheƙi, baƙi na shafa kaki. Amma a wurin Rupes ruwan ɗorawa mai laushi ne, shuɗi ne mai ci. Wanda ya haddace launi daga bakin aboki ya je ya sayi na wani kamfani, zai iya ɗora abin da bai yi niyya ba a motarsa. Ka karanta abin da aka rubuta a leda.

Soso yana cika da mai da garin fentin da ya kankaro, ya yi zafi, ya saki, daga nan sai ya daina aiki ya koma yin zane. Mota kamar Camry takan ci mini soso huɗu ko biyar na ruwan lemo da uku farare. Bayan kowane yanki nakan share soson da burushi, bayan ƙofa biyu in canza sabo, da yamma in wanke su duka in shanya. Man gogewa kuwa kwalba biyu sun isa, mai ci da mai laushi. Ni Meguiar's nake amfani da shi, M105 da M205. Ka haɗa da tawul ɗin maikirofaiba kamar dozin, da tef na fenta don rufe robobi da gefuna, da yumɓun nan na musamman da ake murzawa a jikin mota bayan wanki don cire ƙurar da ta kafe. Idan ka lissafa, kayan nan za su iya kamo kuɗin injin kansa, saboda haka ka raba kuɗinka biyu tun daga gida.

Yadda ake aikin kansa magana ce mai tsawo, amma ga kaɗan. A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. Ka fara da soso mai laushi da mai mai laushi a wuri ɗaya, kamar ƙafa biyu tsawo ƙafa biyu faɗi, ka share ka haska da tocila. In ya yi, to kada ka ƙara ƙarfi. Ɗigo uku ko huɗu na mai sun isa. Ka ɗora soson a jikin mota kafin ka kunna, ka kashe kafin ka ɗaga, in ba haka ba rigarka da gilashin maƙwabci za su sha feshi. Wayar wutar kuma ka rataya ta a kafaɗa. Kuma ba aikin kowane wata ba ne. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, sauran lokaci wanki da hannu da shafa kaki.

Mu mazauna benayen Bronx muna da wata matsalar: ina za ka jona wuta? Kada ka sako waya daga taga ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa, wani ya harɗe ya faɗi ka shiga uku. Ko dai ka nemi mai gareji kamar yadda nake yi, ko ka sayi mai batir, Milwaukee da Makita da Flex duk suna yi, sai dai ka tanadi batir biyu aƙalla domin ɗaya ba ya gama mota.

Ga masu son aikawa gida kuwa, wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Gana da Nijar da Kamaru kuwa 220 zuwa 240 ce. Injin da aka saya a nan, in aka jona shi kai tsaye a Kano ko Kumasi ko Maraɗi, hayaƙi zai yi nan take, kuma canza kan fulogi ba ya maganin komai. Sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka na injin. Cajar mai batir ma ka duba bayanta, da yawa bolt 120 kaɗai suke ɗauka. Abin da ya fi sauƙi, in kana da ɗan uwa a Ingila ko Jamus ko Saudiyya, ka tura masa kuɗin ya sayo mai bolt 230. Na Ingila ma kan fuloginsa mai ƙafa uku shi ne na Najeriya da Gana. Ka cika jakar da soso da yawa, don shi ne ke ƙarewa, injin kuwa zai yi shekaru. Sannan ka ja wa ƙanen naka kunne a kan abu biyu: ƙurar hunturu ko ƙwara ɗaya ta shiga ƙarƙashin soso za ta zana da'ira a duk ƙofar, kuma motoci da yawa a gida an sake musu fenti, wani ma babu rigar sama sam. In ya fara gogewa ya ga launin motar ya fito a jikin soson, ya tsaya ya kira mai motar ya nuna masa kafin ya ci gaba.