Ka biya kuɗin abinci tun daga gida ko ka yanki katin rangwame? Lissafin ciki a Disney World

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara.

Yau Amurka za mu leƙa, jihar Florida, kusa da birnin Orlando, inda Walt Disney World yake. An buɗe wurin a 1971, kuma yanzu manyan filayen wasa huɗu ne a ciki: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, ga otal-otal na kamfanin sama da ashirin. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Mickey Mouse? Ku ɗan yi haƙuri. Akwai 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a can, yara na damunsu a kai su. Sannan dabarar da ake sayar da abinci da ita a wurin, ita ce dai za ka tarar a duk otal ɗin da ya ce maka "kwana da abinci duka a kuɗi ɗaya". In ka gane ta a nan, ka gane ta ko'ina.

Wanda ya shiga irin wannan wuri tun safe, yawanci sai dare yake fita. Yunwa kuma ba ta jira. Abincin ciki yana da tsada, kamfanin ma ya san mutane na jin tsoron wannan tsadar, shi ya sa ya fito da hanyoyi biyu na kwantar musu da hankali. Ta farko, ka biya kuɗin abincinka gaba ɗaya tun kafin ka baro gida. Ta biyu, ka sayi kati wanda duk inda ka ci za a rage maka wani kaso. Dukansu da sunan sauƙi ake tallarsu, amma ba mutum ɗaya aka ɗinka wa su ba.

Mu fara da na biya-tun-daga-gida, wato Disney Dining Plan. An fara shi a 2005, aka dakatar a 2020 lokacin korona, ya dawo a watan Janairun 2024. Da ya dawo, iri biyu ne. Ƙaramin yana ba ka abinci biyu na kanta, irin wanda za ka yi layi ka karɓa a tire, da abin ƙwalama ɗaya, a kan kowane dare da ka kwana. Babban kuma yana ba ka abinci ɗaya na zama, inda ma'aikaci zai zo teburinka ya ɗauki oda, da ɗaya na kanta, da abin ƙwalama ɗaya. Kowanne ana haɗa maka da kofin roba da za ka riƙa cika shi da lemo ko shayi, amma fa a otal ɗinka, ba a cikin filin wasa ba. Farashin 2024, babban tsarin ya kai wajen dala 94 ga babba a kowane dare, yaro kuma wajen dala 30. Ƙaramin wajen dala 57 ga babba, yaro wajen 24.

Ba kuɗi ake zuba maka ba, maki ne. In ka kwana biyar, kana da makin zama biyar, na kanta biyar, na ƙwalama biyar, ka kashe su yadda ka ga dama. Duk wanda ya rage har tsakar daren ranar da ka bar otal, ya ƙone. Ba a mayar da ko sisi.

Yanzu ga sharuɗɗan da ba a rubuta su da manyan baƙi. Sai kana kwana a otal ɗin Disney za ka iya saya. Kuma ba za ka ce ni kaɗai zan saya, Hajiya da yara su ci da kuɗin hannu ba. Duk wanda ke ɗakin daga shekara uku zuwa sama sai an saya masa, na duka kwanakin. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne maganar shekaru. Yaro a wurinsu daga uku ne zuwa tara. Ranar da ɗanka ya cika goma, ya zama babba. Yaron da in ya ci dankali da 'yar kaza ya sha lemo shi ke nan ya ƙoshi, za ka biya masa kuɗin babba kamar wani ƙato mai aikin ƙarfi.

Mu buga lissafi da farashin 2024. Uba, uwa, yarinya 'yar goma, yaro ɗan shida, kwana biyar. Manya uku ke nan da yaro ɗaya. Kowane dare wajen dala 312, kwana biyar ya haura dala 1,560 kaɗan. Ku juya shi zuwa naira ko sefa da kanku, ni ba na son hawan jini. Kuma wannan bai haɗa da tukuicin ma'aikaci ba. A Amurka tukuicin gidan abinci na zama kusan dole ne, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da abincin yake a takarda. To ka ga wanda ya ɗauka ya gama biya tun daga gida, zai zauna ya ci, a kawo masa takarda ya sake sa hannu a aljihu.

To yaushe tsarin yake riba? Mu ƙaddara abincinka na kanta da lemo ya kama dala 20, abin ƙwalama dala 7. An cire 27 daga 94 na farashin 2024, saura 67. Ma'ana kullum sai ka ci abincin zama na dala 67 kafin ka ce ka dawo da kuɗinka, ba riba ba tukuna. Ana iya yi. Akwai wuraren ɗebi-da-kanka da Mickey da abokansa ke zagayawa suna gaisawa da yara, irin Chef Mickey's a otal ɗin Contemporary, inda abincin dare na babba ya haura dala 60 kuma maki ɗaya yake ci. Wanda zai yi irin wannan kullum, ko mai zaɓen naman sa mafi tsada a kowane zama, shi tsarin yana yi masa aiki. Amma ka lura da abin da ya faru: yanzu ba abin da ranka ke so kake dubawa ba, gefen farashi kake dubawa. Kana son taliya, kana odar nama don kada a cuce ka. Sannan makin zama babban abinci ne da kayan zaƙi da abin sha. Ɗan abin da ake fara kawowa kafin babban abinci ba ya ciki. Manyan gidajen abinci kuma, irin Cinderella's Royal Table, maki biyu suke cinyewa a zama ɗaya.

Ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun 2018, wanda ya kai shekara 21 yana iya zaɓar giya a matsayin abin shan da ke cikin makinsa. Kofin haɗaɗɗiyar giya a can ya wuce dala goma, lemo kuwa bai kai rabin haka ba. Sau biyu a rana ke nan ga kowane babba. Farashin tsarin kuma ɗaya ne, ko ka sha ko ba ka sha ba. Don haka in ka ga Ba'amurke a YouTube yana cewa ya ci ribar tsarin, tambayi kanka me yake sha da abincinsa. Iyalin Musulmi da ba su taɓa wannan abin ba, sun biya kuɗin wani kaso da ba za su karɓa ba. Ƙara da cewa da yawanmu in muka je irin waɗannan wurare muna kauce wa nama saboda maganar yanka, mu tsaya a kifi da ganye da taliya. Abincin ganye da taliya su ne suka fi araha a takardar. Kun ga an rage mana ta gefe biyu.

Sai hanya ta biyu, katin rangwame. Wanda ya fi suna shi ne Tables in Wonderland. Tun da aka daina sayar da shi a 2020 bai dawo ba, amma ina kawo shi don shi ne misali mafi kyau na yadda irin wannan kati yake aiki, kuma har yanzu tsoffin masu zuwa wurin suna kewarsa. A lokacin ba kowa ake sayar wa ba: sai mazaunin Florida, ko mai tikitin shiga na shekara, ko ɗan Disney Vacation Club. Kuɗinsa a lokacin dala 150 ne a shekara ga masu tikitin shekara da 'yan kulob ɗin, 175 ga mazauna Florida. Abin da yake bayarwa a lokacin shi ne ragin kashi 20 cikin ɗari a kan abinci da abin sha a gidajen abincin da ke cikin tsarin, na mutum har goma a teburi ɗaya, muddin mai katin ne zai biya.

Shi wannan lissafinsa a fili yake, abin da ya sa nake ganin ya fi gaskiya ke nan. In ka biya 150 don a riƙa rage maka kashi 20, sai ka kashe dala 750 kafin katin ya biya kansa. Mai 175 kuma sai ya kashe 875. Daga nan ne riba take farawa. Babu wanda zai ce maka ga abin da za ka ci. In kun ga dama ku sayi faranti biyu ku raba ku huɗu, in yau ba ka jin kayan zaƙi ka bar shi. Kati ɗaya kuma ya isa gida guda, har da baƙi.

Amma shi ma yana da nasa ƙugiyoyin. A lokacin, da ka miƙa katin a gidan abinci na zama, ana ɗora tukuicin kashi 18 kai tsaye. Abincin dala 100, a cire 20, a ɗora 18, ka biya 98 ban da haraji. Shi ya sa masu katin suka riƙa cewa ragin tukuici kawai yake biya musu. Ba hasara ba ce, tunda dama za ka bayar, amma kada ka zaci za ka ga kuɗin ya faɗi warwas. A lokacin akwai kuma ranakun da ba ya aiki, irin Kirsimeti da sabuwar shekara da 4 ga Yuli, wato daidai lokacin da ake hutu kowa yake son zuwa.

Babbar ƙugiyar ita ce wannan. Mai tikitin shekara dama can yana da ragin kashi 10 a gidajen abinci da yawa, kyauta, a kan abinci da abin shan da ba giya ba. To in kana da 10 a hannu, katin ƙarin 10 kawai ya ba ka. Dala 150 a raba da kashi 10, sai ka kashe 1,500 ke nan kafin ya biya kansa. Me ya sa duk da haka mutane suka yi ta rububinsa? Saboda a lokacin shi ragin nasa yana hawa kan giya, na tikitin shekara kuwa ba ya hawa. Kun ga mun sake dawowa wuri ɗaya. Hanyoyin nan biyu, duk da bambancinsu, an auna su ne da mutumin da ke shan abin da mu ba ma sha.

Akwai wani ƙaramin kati da har yanzu yake aiki, Landry's Select Club, na kamfanin da ke da Rainforest Cafe da T-REX da Yak & Yeti a cikin Disney World. Dala 25 ake biya sau ɗaya, su mayar maka da ita a matsayin kuɗin abinci, sannan duk dala 250 da ka kashe a ba ka 25, kuma ana sa ka gaba a layin jiran teburi. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ba ya cin kuɗinka.

Ni dai ga yadda nake kallon abin. Tsarin biya-tun-daga-gida caca ce a kan cikinka na kwana biyar: za ka iya cin mai tsada, mai yawa, kullum, cikin zafin Florida? Katin rangwame kuma caca ce a kan shekararka: za ka dawo sau da yawa har ka kashe abin da zai biya shi? Na farko ya dace da iyali masu yara 'yan ƙasa da goma da yawa, domin farashin yaro yana da sauƙi sosai in aka kwatanta da kuɗin ɗebi-da-kanka. Na biyu na ɗan gari ne, ko mai tara jama'a a teburi. Wanda ya taso daga Kano ko Yamai sau ɗaya a rayuwa, kati irin na shekara ba nasa ba ne ma tun farko.

Ban raina masu cewa kwanciyar hankali suke saya ba. Akwai maigidan da in ya ga farashi a takarda sai abincin ya fita ransa, ya hana kowa sakewa. Irin wannan, in ya biya tun daga gida, iyalinsa za su ci cikin daɗin rai. Wannan ma wani abu ne. Sai dai ya san cewa kwanciyar hankalin ya saya, kuma da kuɗi ya saye ta.

Wani lokaci kamfanin kan yi tallar cewa tsarin abinci kyauta ne. Ku duba da kyau, domin yawanci sai ka biya cikakken kuɗin ɗaki da tikiti, ba a haɗa maka shi da ragin kuɗin ɗaki. Sai ka auna wanne ya fi yawa, ragin ɗakin ko abincin. Iyali babba a otal mai araha, abincin ya fi. Mutum biyu a otal mai tsada, sau da yawa ragin ɗakin ya fi.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a yi mata talla. Disney World ta yarda ka shiga da abincinka, in dai ba a kwalba yake ba kuma ba sai an ɗumama shi ba. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a wuraren abinci na kanta, ka tambaya kawai. Farashin gidajen abincin duk yana manhajarsu, kana iya gani daga ɗakinka. Kafin ka sayi komai, ka zauna da Hajiya ku rubuta abin da kowa zai ci da gaske na kwana biyu, ku ɗora haraji kashi 6.5 cikin ɗari, ku ajiye shi gefen kuɗin tsarin na dare biyu.

Wanda ya taɓa zuwa da iyali, ya rubuto mana nawa abinci ya ci masa a rana, musamman in kuna kauce wa nama. Ina son mu ji daga bakin namu.